Shuɗin Zanen Hajara

Gummi,
8 ga Maris, 2004.

Zuwa ga ɗana Mu'awiya,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da iyalinka Fa'iza, da fatan sanyin Ingila da kake ta faɗi ya sassauta muku. In ka tambayi lafiyata, da sauƙi. Ƙafar hagu ce har yanzu ba ta son ƙasa, sai na lallashe ta kafin ta kai ni masallaci. Idon dama kuma ya fara hayaƙi, shi ya sa za ka ga layin rubutuna yana gangarawa. Da malamin da ya koya mana rubutu a elementare ta Anka zai ga wannan, da na sha rula a yatsu.

Takardarka ta same ni ranar Laraba. Shitu direba ne ya karɓo mini ita daga gidan waya, kamar kullum. Ka sani tun da mahaifiyarka Hajara ta rasu, shekara uku ke nan, babu mai rubuto mini sai kai. Matata ta riga ni, Allah bai ba mu haihuwa ba. Waɗanda muka yi aikin akawu tare a ofishin hakimi saura mutum ɗaya, shi ma ba ya gane kowa. Ni da Hajara ba ciki ɗaya muka fito ba, ubanninmu ne wa da ƙane, gida ɗaya kawai muka tashi a Bukkuyum. Da ka manta da ni babu wanda zai zarge ka. Saboda haka kada ka raina abin da takardarka take yi a cikin ɗakin nan.

Wuri ɗaya ne ban gane ba. Ka ce ka bar masana'antar tagogi ka koma wurin masu rina bindigogi. Ni ɗan marina ne, na yi shekara goma sha ina tsaye a bakin rami kafin in kama alƙalami, ban taɓa jin an tsoma ƙarfe a ruwan baba ya ɗauki shuɗi ba. Kuma bindigar me? Ta soja ko ta maharba? Ba mu aika ka karatu don ka shiga harkar da za a zo a kama ka ba. Ka yi mini bayani dalla-dalla, kamar kana magana da mutumin ƙauye, don haka nake.

Ka gaida Fa'iza. Allah ya tsare.

Kawunka,
Makau Bukkuyum.

*

Birmingham,
4 ga Afrilu, 2004.

Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna lafiya, Fa'iza tana gaishe ka, ta ce ka riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Na yi dariya sosai da na karanta takardarka. Kwantar da hankalinka, ba mai kama ni.

Bindigar wasa ce. Ba ta da albarushi, iska ce ake matsewa a cikin kwalba. Harsashinta kamar 'ya'yan kanya yake, cike da fenti. Manyan mutane da gemunsu sai su rabu gida biyu a cikin daji ko fili, su rufe fuska, su yi ta harbin juna. Wanda fenti ya fashe a jikinsa ya mutu ke nan, sai ya ɗaga hannu ya fita ya sha shayi, a sake sabon zagaye ya dawo. Masu wasan nan suna ji da bindigoginsu kamar yadda mai doki yake ji da sirdi. Kowa so yake tasa ta bambanta da ta kowa, shi ne suke kawo mana.

Aikin kuwa rini ne sak, Kawu. Da alminiyon ake yin su, irin ƙarfen tukwanen zamani. Sai mu kwance bindigar gunduwa-gunduwa, mu wanke a ruwan soda, mu goge har ta yi sheƙi. Sannan mu rataye ta a waya mu tsoma cikin ruwan asid, ɗan'uwan ruwan batir, mu sakar mata lantarki. Wannan ne ke buɗa wasu ƙananan ramuka a fatar ƙarfen, ido ba ya ganinsu. Daga nan sai rini. Ƙarfen ya sha ya ƙoshi, mu dafa shi a tafasasshen ruwa, ramukan su rufe da launin a ciki. Ba a kankare shi kamar fenti, ya zama jikin ƙarfen. In ana son ado sai mu ɗiga wani ruwa mai danƙo inda ba mu so rini ya shiga, kamar yadda ake ɗaure zane.

Ga dalilin takardar. Da aka raba kayan Inna, na roƙi wani zane da na sha gani a can ƙasan akwatinta. Ban taɓa ganin ta ɗaura shi ba. Shuɗi ne, amma ba shuɗi ɗaya ba. Wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi haske yana murɗewa kamar hadari, wani wuri kusan fari. A gefe guda akwai wasu gajerun layuka farare guda huɗu a jere, kamar sawun tsuntsu. Na kafa shi a bangon wurin aikinmu, na yi wata biyu ina kwaikwayonsa a kan ƙarfe. Layukan nan huɗu na sa su daidai mariƙin bindigar, inda hannu ke kamawa. Maigidana, wani Bature mai ƙaramin haƙuri, ya tsaya ya fi minti biyar yana kallo, abin da bai taɓa yi ba.

Na sa maka guntun ƙarfen gwaji a cikin ambulan, har da layukan a jiki, ka gani da idonka. Amma har yanzu nawa bai kai na zanen ba, nawa ya cika tsari. Na san a marinar kakana Jibo aka rina shi, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka yi aiki a can. Yaya aka yi shi? Ɗauri ne, ko murɗawa, ko wani abu ake zubawa?

Ɗanka,
Mu'awiya.

*

Gummi,
3 ga Mayu, 2004.

Ɗana Mu'awiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiki da sauƙi. Zafi ya yi yawa bana, gulbi ya janye har yara na tsallaka shi da ƙafa ta wajen mashaya. Masu shinkafar fadama sun gama yanka, an ce ba ta yi kamar ta bara ba. An yi yayyafi sau ɗaya a Anka, nan bai iso ba.

Na gode da bayani. Ashe akwai ƙasar da ake mutuwa a tashi a sha shayi. Allah mai iko.

Ƙarfen ya iso. Na buɗe ambulan da hantsi a ƙofar ɗaki, ya faɗo mini a cinya. Hannunka yana da kyau, babu shakka jinin Baffa Jibo ne. Na sa shi a cikin gwangwanin magani na rufe, don kada ya ɓata.

Game da tambayarka, shekaru sun yi nisa, kai kuma ya tsufa. Ba komai nake riƙe da shi ba. Shawarata ita ce ka bar wannan adon ka nemi wani. Akwai su da yawa. Akwai wanda muke ɗaure tsakuwa a cikin zane ya fito kamar idon zabo, akwai wanda ake ɗinkewa da zaren kaba. In kana so sai in zana maka su ɗaya bayan ɗaya, har da yadda ake ƙulla zaren. Zanen mahaifiyarka kuma ka sauke shi daga bango ka ninke. Hayaƙin wurin aikinku ba zai yi masa kyau ba.

Ka rubuto da wuri. Ka ba ni labarin unguwarku, da masallacin da kuke zuwa, da abin da kuke ci.

Kawunka,
Makau.

*

Birmingham,
30 ga Mayu, 2004.

Kawu,

Muna gaishe ka, muna lafiya ƙalau. Na karanta wa Fa'iza takardarka, ta ce, "Tsohon nan bai manta komai ba. Mutumin da ya tuna yadda ake ƙulla zaren kaba?" Na ce mata haka marina suke, Inna ta sha faɗa mini ko ɗan cikinsu ba sa gaya wa yawan tokar da suke zubawa sai sun ga za su mutu. To Kawu, ni ba na so ka mutu, asirin kawai nake so. Ba Bature zan ba ba, a kaina zai tsaya. Ko kuwa don bindiga ce ranka bai so ba? Wallahi ko tsuntsu ba ta kashewa.

Abin ya wuce inda zan bar shi. Mun kai bindigar farko wajen wata gasa, mutane suka yi ta ɗaukar hoto. Yanzu wani mai shago ya ce a yi masa guda arba'in, kowace da lambarta, kafin ƙarshen Yuli. Na riga na fara. Maigidana ya ce ni zan raɗa wa adon suna, za a rubuta a jikin kowace da ƙananan baƙaƙe. Na ce Hajara. Ka ga sunan Inna zai shiga ƙasashen da ko a mafarki ba ta je ba.

Zanen yana nan lafiya, na sa masa gilashi. Kullum da safe shi nake fara kallo. Wani lokaci sai in ga kamar murɗewar nan tana da kai da ƙafa, kamar an naɗe wani abu aka zare. Wannan ne na kasa samu a ƙarfe. Ka taimaki ɗanka.

Mu'awiya.

*

Gummi,
28 ga Yuni, 2004.

Mu'awiya,

Ina gaishe ku. Lafiyata ba ita ce maganar yau ba.

Kwana takwas takardarka tana ƙarƙashin buzuna. Na fara amsa sau biyu na yage. Na so in ƙirƙira maka wata dabara, in ce a murɗa zane sau kaza a danne da dutse, ka yarda, mu ci gaba da zumuncinmu. Da ba ka ce za ka rubuta sunan Hajara a jiki ba, ina jin da na yi haka. Ka zauna kafin ka karanta.

Ba kai da yayyenka ne kaɗai mahaifiyarku ta haifa ba. Ta yi 'yar fari, sunanta Mubina. Shekara uku ta yi a duniya.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai ne. Hajara ta zo gida da yarinyar ganin mahaifiyarta, ta kawo farin zane sabo ta ce a rina mata na Salla. Marinarmu tana bayan gida, ramuka tara, kowane ya fi tsawon mutum biyu. Kowane rami yana da murfinsa na kaba, mai kama da malfa. Baffa Jibo yana da doka ɗaya wadda ko babban ɗansa ya karya sai ya sha mari: ba a juya wa buɗaɗɗen rami baya, ko da shan ruwa za ka yi.

Ranar Talata ce da hantsi, Baffa da sauran sun tafi kasuwa, ni kaɗai na rage. Na jiƙa zanen, na tsoma rabinsa a rami, rabi na kan baki na danne da sanda. Sai ga Sahabi maƙwabcinmu, wanda ɗansa ya tafi Kumasi. A duk unguwar ni kaɗai ke karanta boko. Ya tsaya a gindin tsamiya yana kaɗa takarda.

"Makau ɗan boko, zo ka duba min wagga, kwana biyu tana aljihuna."

Na ce, "Bari in rufe rami."

Ya ce, "Layi nawa ne duka? Kahin ka ɗauko murhi mun gama."

Taku talatin ne daga ramin zuwa tsamiyar. Na auna shi daga baya, sau da yawa. Takardar layi huɗu ce. Yaron ya ce yana lafiya, ya samu aikin dako, a gaida kowa. Sahabi ya ce, "Sake min wurin da yac ce yana lahiya." Na sake. Ya ce in duba ko akwai wani abu a baya. Babu. Muka tsaya yana ba ni labarin ƙiriniyar yaron, ina dariya. Ina jin daɗi a ce da ni ɗan boko, wannan ita ce gaskiya.

Ban ji komai ba. Ko motsin ruwa. Shekara arba'in da biyu ina sake sauraron wannan hantsin ko zan ji wani abu da ya kamata in ji, babu.

Da na dawo, sandar tana gefe, zanen babu. Kumfar da ke kwanciya a saman baba ta tsage, tana komawa tana haɗewa a hankali. Na ɗauka zamewa ya yi, har na ji tsoron faɗan Baffa. Na sa muciya na laluɓo gefensa na ja. Ya yi nauyi.

Kai marini ne yanzu, amma ba ka san baba ba. Abin da aka ciro daga rami ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juya a gaban idonka. A hannuna Mubina ta juya, ina gudu da ita zuwa cikin gida.

Babu ɗauri, babu murɗawa, babu abin da aka zuba. Inda ka ga haske yana murɗewa, nan ne zanen ya naɗe bayanta da ƙafafunta, rini bai shiga ba. Layukan nan huɗu da ka sa a mariƙi yatsunta ne. Baffa ne ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Mata sun yi mata wanka ruwa bakwai, launin bai fita ba. Haka aka kai ta.

Hajara ba ta zage ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ɗauki zanen ta shanya a inuwa, yadda ake yi wa rini mai kyau, ta tsaya har ya bushe, ta ninke. Ina durƙushe a tsakar gida ta wuce ni, ta ce, "Yaya Makau, tahi ka wanke hannunka." Daga ranar ba ta sake ce mini Yaya ba. In na je gidanta za ta ce sannu da zuwa, ta aiko da tuwo da nama a kai, shi ke nan. Ta kuma ce duk 'ya'yan da za ta haifa nan gaba kada wanda ya gaya musu. Yau na karya maganarta.

An cike ramin a cikin mako. Kafin shekara na bar Bukkuyum na kama aikin akawu a nan.

Tun da guntun ƙarfenka ya shigo ɗakin nan, kullum da hantsi sai in ji warin rami, alhali babu marina ko ɗaya da ta rage a wannan unguwa. Gwangwanin a rufe yake, amma na san ta wane gefe layukan suke kallo.

Na san abin da takardar nan za ta iya jawo mini. Kai kaɗai gare ni, kuma da hannuna nake sa ta a ambulan. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka rubuta sunan Hajara a kan abin nan.

Makau.

*

Gummi,
6 ga Satumba, 2004.

Ɗana Mu'awiya,

Gaisuwa gare ka da Fa'iza. Ina nan. Na yi zazzaɓi a watan jiya, ya sauka. Gulbi ya cika ya shiga fadama, kwana shida mota ba ta fita ta hanyar Anka ba. Na ce wataƙila shi ya tsare takardu. Yanzu ruwa ya janye, motoci suna tafiya.

Shitu ya daina tsayawa. In ya zo wucewa sai ya rage gudu ya fito da hannu ta taga ya juya tafinsa sama, in ɗaga masa nawa, ya wuce. Ranar Laraba ya tsaya ya ce, "Baba, ko in kai ka Gusau ka buga mishi waya?" Na ce a'a. Abin da na faɗa a takarda ba zan iya jin amsarsa da kunne ba.

Ba don in matsa maka na rubuto ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ban sani ba ko takardata ta ƙarshen Yuni ta same ka. In ta same ka, shirunka amsa ce, na karɓa. In kuwa ɓata ta yi a hanya, to kana can kana aikin nan ba ka san abin da kake zanawa ba, ni kuma ina nan zaune. In ba ka gan ta ba ka faɗa mini da layi ɗaya in sake rubutawa, ko da yake ban san ko hannuna zai yarda sau biyu ba.

Kawunka,
Makau.

*

Birmingham,
7 ga Nuwamba, 2004.

Kawu,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya.

Ta iso. Ranar sha tara ga Yuli ta iso, a wurin aiki na buɗe ta, a tsaye, zanen yana bayana.

Sha biyu sun riga sun tafi tun mako guda kafin nan, da sunan Inna a jiki. Sauran ashirin da takwas na zuba su a ruwan soda har suka koma fari. Soda tana cin ƙarfe, wasu sun yi sako-sako, ba su sake ɗauruwa daidai ba. Maigidana ya yi ta ihu, ya ce in ba shi dalili ɗaya. Na ce an mutu a cikin zanen. Ya dube ni, ya dubi bango, ya fita. Bai kore ni ba, amma ya mai da ni wajen gogewa.

Na bi sha biyun. Mai shagon ya dawo da uku. Tara sun shiga hannun mutane, wasu a nan, wasu a Holan. Na rubuta wa biyu, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya ce ba zai rabu da ita ba ko da me. A watan jiya na ga guda a mujallar 'yan wasan, wani saurayi yana dariya, ya ɗaga ta sama, hannunsa a kan wurin.

Kawu, da burushi na zana layukan nan, sau arba'in. Na sa ma'auni na auna tsawonsu da tazararsu don kada in yi kuskure. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa suka yi ƙanana haka ba.

Na yi fushi, har yanzu bai gama sauka ba. Wani lokaci da kai, wani lokaci da Inna, wani lokaci da kaina. Ba zan ce maka na yafe ba, don ban san ko ni ke da wannan maganar ba. Amma ga abin da ba ka sani ba. A asibiti, kwana biyu kafin ta cika, Inna ta ce mini, "Ka riƙa rubuta ma Makau. Yana son takarda." Wata uku ina juya maganar nan, ban san da wace fuska ta faɗe ta ba.

Zanen yana cikin akwatin Fa'iza, a ƙasa.

Ina da yaya, abin da na sani game da ita kawai faɗin yatsunta ne. Yaya kamanninta suke? Ba ranar nan ba. Kafin nan.

Mu'awiya.

*

Gummi,
9 ga Disamba, 2004.

Ɗana Mu'awiya,

Ina gaishe ka, ina gaida Fa'iza, da fatan kun yi Salla lafiya. Shitu bai rage gudu ba wannan karon, a tsakiyar hanya ya kashe mota ya fito da gudu da hularsa a hannu ɗaya, takardarka a ɗayan. Na gode. Ban nemi fiye da abin da ka rubuto ba.

Na ɗauki alƙalami a ranar don in amsa tambayarka, sai na tarar ba ni da amsa. Kwana tara ina neman fuskarta da launin da Allah ya yi ta, ba ta zo ba. Ta ranar nan kaɗai ke zuwa. Ban so in yi maka ƙarya ba, sai na sa Shitu ya kai ni Bukkuyum. Rabona da can tun jana'izar Baffa. Hanyar ta karya mini ƙugu, har yau a kwance nake rubutu.

Inda marinar take an kafa injin niƙa. Tsamiyar tana nan. Ban ƙarasa ba.

Mutum ɗaya ta rage a unguwar da ta san lokacin, Habsu, wadda katangarsu ke jikin tamu. Ta makance, amma bakinta yana nan yadda na san shi. Da na yi sallama ta ce, "Wane Makau? An ce ka mutu bara."

Na ce, "Ba a gaya mini ba."

Ta ce, "To zamna, tun da ka taso. Mi ka kawo min?"

Na ba ta goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ɓare goron ta sa a baki. Sannan ta fara, ga shi yadda ta faɗa.

Mubina baƙa ce kamar uwarta, mai faɗin goshi. Kunnuwanta a buɗe suke irin na Baffa Jibo, wato irin naka. Tana tsoron kaji amma tana kora awaki da kara. In ta yi dariya sai shaƙuwa ta kama ta, ta ji haushi, ta bugi wanda ya ba ta dariyar. Ta taɓa cizon ɗan Habsu a kafaɗa a kan ƙosai, Habsu ta ce har ya mutu da tabon. Ba ta yarda a goya ta.

Na ce, "Duk wannan ban tuna ba, Habsu. Ko fuskar."

Ta ce, "Ina za ka tuna huska? Kai da kullum tana bisa wuyanka. Kai ka ɓata ta da hakanan, uwatta na ta faɗa. Mu munka ga huska, kai ɗaukar kaya ka yi."

A mota muna dawowa, mun wuce wata gada, sai na ji nauyinta a wuyana. Ba tsoro na ji ba. Takan kama kunnuwana biyu ta juya ni inda take so mu tafi, in na tsaya gaisawa da mutane ta buga mini ƙirji da ƙafa. Na sunkuyar da kai a cikin motar nan, na gan su. Dugaduganta ne, Mu'awiya, ƙanana, ja-ja, da ƙasar tsakar gida a jiki, na hagu da ɗan kaushi a gefe. Babu shuɗi ko ɗigo.

Fuskar ta Habsu ce, na ba ka yadda aka ba ni. Dugadugan nawa ne, da idona na gan su.

Kawunka,
Makau.